Wasan da ba a rubuta ba: da gaske ne, ko akwai lauje cikin naɗi?

Tun da Netflix ta saki wasanni uku na 'yan wasan barkwanci Thomas Middleditch da Ben Schwartz a shekarar 2020, guntayen irin wannan wasa kuma suka fara yawo a wayoyin mutane, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa. Mutum biyu sun hau dandamali, ba su da kaya sai kujeru biyu. Sun ɗan taɓa hira da wani cikin 'yan kallo, daga nan suka kwashe kusan awa guda suna wasa da labari mai kai da gindi, da mutane barkatai a ciki, duk su biyun ne ke sauya murya da tafiya su zama su. Aka ce wai ko kalma ɗaya ba a rubuta ba. Wasu suka ce ƙarya ne, an haddace a ɓoye, wanda aka yi hirar da shi ma ɗan gida ne. Wasu suka yarda ba a rubuta ba, amma suka ɗauka baiwa ce tsagwaronta, mutum ya hau ya yi ta zuba abin da ya zo masa baki. Dukansu sun bar hanya, kuma wannan kuskuren ne ke hana su cin moriyar kallon.

Gajeren zango da dogon zango

Wasan ƙirƙira na nan take shi ne wasan kwaikwayon da 'yan wasa ke ƙago magana da labari da halayen mutanen ciki a daidai lokacin da ake kallonsu. Iri biyu ne, mutane kuma sun fi sanin na farko.

Gajeren zango shi ne irin na shirin Whose Line Is It Anyway?, wanda ya faro a rediyon BBC a 1988, ya koma talabijin a Birtaniya a wannan shekarar, sannan Amurka ta yi nata daga 1998. Akwai mai gabatarwa, shi ke gindaya sharaɗi: kowace magana da za ku yi ta zama tambaya, ko kowace jimla ta fara da harafin da ke bin na baya. Minti uku, minti huɗu, an ƙare, a shiga wani. Dariyar tana zuwa ne daga ganin yadda ɗan wasa ke mutsu-mutsu cikin tarkon da aka ɗana masa.

Dogon zango ba shi da mai gabatarwa, ba shi da tarko. Ana karɓar kalma ɗaya daga 'yan kallo, ko sunan wuri, ko a ce wani ya ba da ɗan labarin abin da ya taɓa samunsa, shi ke nan ba za a sake tambayar kowa komai ba. Daga minti 25 har sama da awa guda ƙungiyar za ta yi ta saƙa fitowa bayan fitowa a kan wannan zare. Su da kansu ke yanke fitowa idan ta nuna: ɗaya daga cikinsu ya ratsa gaban dandamali da gudu, alamar an share wannan, a kawo wata. Ko ya dafa kafaɗar wani, alamar "koma gefe, na karɓi wurinka, zan kai abokin wasanka wani wuri dabam".

Inda abin ya faro

Wasa ba tare da rubutaccen zance ba tsohon abu ne. A Italiya ta ƙarni na 16 akwai ƙungiyoyi masu yawo gari-gari da ake kira commedia dell'arte, waɗanda ke da ƙwarangwal ɗin labari kawai da sanannun halaye, irin su tsohon attajiri marowaci Pantalone da bawa mai wayo Arlecchino, maganar kuwa a dandamali ake haifar ta.

Amma salon da ake kallo yau ɗan Shikago ne. Wata mata, Viola Spolin, da ta yi karatu a hannun Neva Boyd, masaniyar wasannin yara, ta riƙa koyar da wasan kwaikwayo ga yaran talakawa da na baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarshen shekarun 1930. Ta lura idan aka ce wa yaro "yi wasa da kyau" sai ya daskare, idan kuwa aka ba shi wata 'yar matsala ya warware, kamar ya jefa wa abokinsa ƙwallon da babu ita, sai ya mance ana kallonsa. Ta tattara waɗannan dabaru a littafinta na 1963. Ɗanta Paul Sills, tare da David Shepherd, suka kafa ƙungiyar Compass Players a 1955 kusa da Jami'ar Shikago, inda Mike Nichols da Elaine May suka yi suna. A watan Disamba na 1959 aka buɗe gidan The Second City, wanda daga baya ya yaye su Bill Murray da Tina Fey da Steve Carell da Stephen Colbert.

A Birtaniya kuwa doka ce ta tare hanya. Kafin 1968, duk wasan da za a nuna wa jama'a sai an miƙa rubutunsa ga ofishin Lord Chamberlain ya duba ya ba da izini. To wasan da babu rubutu, me za a miƙa? A 1958 an ci tarar Joan Littlewood da mutanenta saboda 'yan wasansu sun kauce wa rubutun da aka amince da shi. A cikin wannan yanayi Keith Johnstone ya fara gwaje-gwajensa a gidan Royal Court da ke Landan, kafin ya koma Calgary a Kanada, inda aka kafa gidan Loose Moose a 1977, ya kuma fito da salon da ƙungiyoyi ke karawa da juna gaban alƙalai kamar gasar wasanni.

Idan babu rubutu, me suke yi a atisaye?

A nan ne masu zargin ƙarya da masu cewa baiwa ce suka haɗu a rami ɗaya. Ƙungiyoyin nan suna atisaye, wasu duk mako, shekara da shekaru. Sai dai atisayen nasu irin na 'yan ƙwallo ne. Babu ɗan ƙwallon da ya san inda ƙwallo za ta faɗi a minti na 60, amma ya san yadda ake karɓa, ya san inda abokinsa ke son a ba shi.

Ƙa'ida ta farko ita ce karɓa da ƙari. Abin da abokin wasanka ya faɗa ya zama gaskiya a duniyar da kuke ginawa, kai kuma ka ɗora tubali a kai. A ce ɗaya ya shigo yana ɗingishi ya ce, "Likita, ƙafar nan ta sake yin magana jiya da dare." Idan na biyu ya ce, "Ni ba likita ba ne, kuma ƙafa ba ta magana," zai iya samun 'yar dariya, amma ya gwale abokinsa, ya kashe fitowar, sun koma babu komai a hannu. Idan kuwa ya gyara gilashin da ba ya sanye da shi ya ce, "Har yanzu batun gādon take tayarwa?" to a jimla ɗaya an sami likita, an sami tsohuwar cuta, an sami rikicin iyali, kuma 'yan kallo sun matso gaba a kujerunsu. A lura, karɓa ba ta nufin mutanen cikin labarin ba za su yi jayayya ba. Likitan da marar lafiyar suna iya yin faɗa kaca-kaca. 'Yan wasan ne ba sa jayayya a kan mene ne gaskiyar duniyar.

Ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko wuya, ita ce saurare. Yawancinmu idan wani na magana, amsarmu muke shiryawa. Ɗan wasan da ya hau dandamali da wata barkwanci a aljihu yana jiran inda zai cusa ta, ba zai ji lokacin da abokiyar wasansa ta kira shi "Baba" da wata irin murya mai rawa ba, alhali duk wasan yana cikin wannan rawar muryar. Malaman wannan fanni kan hana sababbin ɗalibai neman dariya da gangan. Abin da suke cewa a taƙaice shi ne ka amsa da gaskiya, dariya za ta same ka a hanya.

Johnstone ya ƙara wani abu da ya kira matsayi. Ya lura duk mutum biyu da suka haɗu, akwai wanda ke ɗaukaka kansa da wanda ke ƙanƙan da kai, ta kallo, ta tsayuwa, ta yadda mutum ke riƙe kansa ba motsi idan yana magana. Wannan matsayi ba dole ya yi daidai da muƙami ba. Maigidan da ke tsoron direbansa abin dariya ne tun kafin a buɗe baki. Su kuma mutanen Upright Citizens Brigade, ƙungiyar su Amy Poehler da ta tashi daga Shikago ta koma New York a 1996, sun fi ƙarfafa neman abu na farko da ya saɓa wa al'ada a fitowa, sannan a tambaya: idan wannan gaskiya ne, me kuma zai zama gaskiya? Idan ƙafa tana magana, ashe tana iya ɗaukar lauya.

Masana ƙwaƙwalwa ma sun leƙa batun. A 2008 Charles Limb da Allen Braun sun sa makaɗan piyano na jaz guda shida cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka kwatanta lokacin da suke kaɗa abin da suka haddace da lokacin da suke ƙirƙira nan take. Suka ga sashen da ke sa mutum sa wa kansa ido da tace abin da zai yi yana lafawa a lokacin ƙirƙira. Mutum shida ne kawai, kuma makaɗa ne, don haka bai kamata a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya yi daidai da abin da Spolin ta gani a wurin yaranta.

Harold, ƙashin bayan dogon zango

Sanannen tsari a wannan fanni sunan mutum gare shi, Harold. Da wasa aka laƙaba masa sunan a ƙungiyar The Committee ta San Francisco a wajen 1967, ya kuma bi shi. Del Close, wanda yana cikin waɗanda suka fara gwada shi, shi ya raine shi daga baya tare da Charna Halpern a gidan ImprovOlympic na Shikago a shekarun 1980. Sunan gidan ya koma iO ne bayan hukumar wasannin Olamfik ta hana su amfani da sunanta.

Ga yadda yake tafiya. A ce wani ɗan kallo ya ce "tsani". Ƙungiyar, mutum bakwai ko takwas, za ta fara da buɗewa, suna jujjuya kalmar: hawa, faɗuwa, tsoro, wanda ke riƙe maka daga ƙasa. Sai fitowa uku da ba su da alaƙa. A ta farko uba da 'yarsa suna gyaran rufi, uban yana tsoron bisa amma girman kai ya hana shi faɗi, sai ya yi ta ƙirƙiro dalilan da za su sa ita ta hau. A ta biyu wani ma'aikaci ya shekara 20 yana jiran ƙarin girma, ya haddace ranar haihuwar kowane shugaba da aka taɓa kawowa. A ta uku ɓarayi biyu a gindin katanga suna gardamar wa zai riƙe wa wani, don babu wanda ya yarda da ɗan'uwansa. Sai wasan taro na kowa da kowa ya raba tsakani. Sai a sake komawa ga fitowar nan uku karo na biyu, lokaci ya ja ko wuri ya sauya: uban nan yanzu yana asibiti, yana neman hujjar da za ta sa 'yar ta sha maganin a madadinsa. Wani wasan taron. A zagaye na uku zaruruwan suka fara haɗuwa. Gidan da ɓarayin suka haura ashe na ma'aikacin ne, shi kuma da ya ji ɗayansu ya kira ɗaya "shugaba", sai ya miƙe tsaye ya tambayi ranar haihuwarsa.

Dariyar da ke tashi a wannan gaɓa ta bambanta da dariyar barkwanci. Dariyar ganewa ce. Ɗan kallo ya ga abin da aka jefar minti 20 da suka wuce, wanda shi kansa ya ɗauka an mance, ya dawo ya zauna daram. A nan ne mai zargi ke cewa "ai ka gani, an shirya". Abin da ya gani kuwa ƙwaƙwalwar mutum takwas ce da ke riƙe da duk sunan da aka ambata da duk abin da aka ajiye a dandamali, suna jiran lokacin da zai yi amfani.

Harold ba shi kaɗai ba ne. TJ Jagodowski da David Pasquesi sun fara wasansu na mutum biyu a Shikago a 2002, ba sa ma karɓar kalma daga kowa, kallon juna kawai suke yi idan fitila ta kama su fara, kuma wasansu a hankali yake tafiya, wani lokaci a yi minti da yawa ba dariya. A Landan ƙungiyar Showstopper! kan ƙago wasan waƙe-waƙe sukutum, da kiɗa da amshi, har ta ci lambar Olivier, babbar lambar yabo ta wasan dandamali a Birtaniya, a 2016. A Edmonton ta Kanada da Landan akan yi wanda ake kwashe awa 50 a jere ana labari ɗaya, wasu 'yan wasan ba sa barci daga farko har ƙarshe.

Fasaha ce, ko kayan aikin marubuci?

Masu shakka suna da 'yar hujja, kuma daga cikin gida ta fito. Bernard Sahlins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Second City, ya tsaya a kan cewa ƙirƙirar nan take hanya ce ta samo abin da za a rubuta. A gwada a gaban mutane, abin da ya yi kyau a riƙe, a goge shi, a maimaita, wanda bai yi ba a zubar. Haka manyan wasannin Second City suke har yau: an haife su ta ƙirƙira, amma abin da mai tikiti ke gani a babban shirin rubutacce ne. Hujjarsa ita ce bai dace a karɓi kuɗin mutum a nuna masa ɗanyen aiki ba. Del Close ya ce a'a, ɗanyen aikin shi ne abin kallon, kuma 'yan kallo suna da hankalin da za su bi. Sun shekara da shekaru suna wannan ja-in-ja har Close ya rasu a 1999.

Close dai mutum ne mai abin mamaki. Ya bar wasiyya a ba gidan wasan Goodman ƙoƙon kansa don a riƙa amfani da shi a wasan Hamlet na Shakespeare, inda ake riƙe ƙoƙon kai a wata fitowa. An miƙa wani ƙoƙon kai da sunansa, sai bayan shekaru Halpern ta amsa cewa ba nasa ba ne, sayowa ta yi.

Ni dai ina bayan Close, amma ba zan ce Sahlins ya yi ƙarya ba. Dogon zango yana mutuwa a dandamali, kuma ba sau ɗaya ba. Akwai daren da fitowa za ta yi ta jan ƙafa, mutum biyu suna tsaye suna ciniki a kan abin da babu wanda ya damu da shi, na gefe kuma sun kasa ratsawa su cece su. Wanda ya je kallo sau uku, da wuya bai haɗu da irin wannan dare ba. Sai dai yiwuwar faɗuwar ita ce gishirin abin. Wanda ke tafiya a kan igiya, da a ƙasa aka shimfiɗa ta babu mai tsayawa kallo.

Wannan ne ma ya sa wasan ba ya cika yin armashi a allo. Kyamara tana zaɓar maka inda za ka duba, alhali rabin daɗin yana wurin waɗanda ke tsaye a gefe, ka ga idon ɗaya ya yi haske don dabara ta zo masa. Kuma wanda aka ɗauka aka tace, ka riga ka san bai faɗi ba, da ya faɗi da ba a sake shi ba.

Wa ke biya, wa ake biya

Akwai gefen da ba a cika faɗa wa sabon mai sha'awa ba. A Amurka, manyan gidajen wannan wasa sun daɗe suna rayuwa da kuɗin makaranta fiye da kuɗin tikiti. Ɗalibi zai biya ɗaruruwan daloli a kowane mataki, matakan kuma suna da yawa, da fatan a ƙarshe a zaɓe shi cikin ƙungiyar gida. Idan an zaɓe shi, sau da yawa kyauta zai riƙa wasa, wani lokaci ma su ne za su haɗa kuɗi su biya mai horar da su. A 2013 an yi ta cece-kuce a New York kan yadda gidan Upright Citizens Brigade ba ya biyan masu hawa dandamalinsa. Masu gidan suka ce rashin biyan ne ke sa tikiti araha, kuma dandamalin tsani ne zuwa talabijin. Masu suka suka ce tsarin yana tace mutane tun daga ƙofa, wanda ba shi da rarar kuɗi da rarar lokaci ba zai kai ko'ina ba, shi ya sa fuskokin da ake gani suka yi kama da juna.

Shekarar 2020 ta fasa ƙwan. Annobar korona ta rufe gidajen, iO ta sanar da rufewa, Upright Citizens Brigade ta rufe wurarenta na New York, shugaban Second City ya sauka bayan tsofaffin 'yan wasa baƙaƙen fata sun yi ƙorafin wariya. An sayar da dukansu ukun daga baya, iO ta sake buɗewa a 2022 a hannun sababbin masu ita.

A ɗaya gefen, dabarun sun fita daga gidan wasa sun shiga wasu wurare. Kamfanoni na ɗaukar malaman wannan fanni su horar da ma'aikata, kuma a Jami'ar Stony Brook akwai cibiyar da ke ɗauke da sunan ɗan wasa Alan Alda, wadda tun 2009 take amfani da wasannin irin na Spolin wajen koya wa masana kimiyya da likitoci yadda za su yi wa mutane bayani su gane.

Ga wanda zai je kallo

Idan aka nemi kalma, ka ba da mai sauƙi. Sababbin 'yan kallo kan yi ihun kalmar batsa ko wata mai wuyar gaske don su ga an rikice, 'yan wasan kuwa sun ji irinta sau ɗari. "Tsani" ko "makulli" ta fi haihuwa. Kada kuma ka zauna kana jiran a maimaita kalmar taka a kowace fitowa, mashiga ce kawai, ana iya barinta a baya tun minti na biyu.

Ka ba minti goma na farko haƙuri, shuka ake yi. Ka riƙe sunaye, ka riƙe inda aka ajiye teburin da babu shi, don ɗan wasan kirki zai zagaye shi duk lokacin da ya wuce, wanda ya mance ya ratsa ta cikinsa kuma abokinsa ba zai bar shi ya sha ba. Idan wani ya yi tuntuɓen harshe ya kira Ladi da sunan Laraba, sa ido ka ga abin da za a yi da kuskuren. A hannun ƙwararru, kafin a tashi za ka tarar ashe mijin nan mata biyu yake ɓoyewa, kuma a zagaye na uku za su haɗu a ɗaki ɗaya.